Hajiya, Lafiya Kike Tafe a Ƙasa?

A Damagaram, idan mace ta haura shekara arba'in, tana da ɗan rufin asiri, aka gan ta ita kaɗai tana tafiya a bakin kwalta, ba za ta yi nisa ba sai an tsayar da ita. Ɗan kabu-kabu zai rage gudu ya bi gefenta yana “Hajiya, ina zuwa?” Maƙwabci mai mota zai ci burki ya sauke gilashi: “Hajiya, lafiya kike tafe a ƙasa? Shigo in rage miki hanya.” In ta ce a'a, tafiyar take so, sai ya dube ta da tausayi ya wuce, yana zaton kuɗin abin hawa ne babu, ko kuwa an saɓa a gida ta yi yaji. Kafin azahar labari ya isa wurin danginta. Kirki ne irin na mutanen garin nan, kuma ina son garina saboda shi. Sai dai wannan kirkin ya zaunar da mata da yawa a ɗaki, alhali asibiti ta ce su fita.

Ina cikin waɗanda ya zaunar. Lokacin da nake riƙe da aji a firamare, a tsaye nake yini, daga allo zuwa bayan aji, kuma da ƙafa nake zuwa makaranta in dawo. Da aka mayar da ni ofis sai rayuwa ta koma kan kujera. Babur ya ɗauke ni a ƙofar gida ya sauke ni a ƙofar ofis, in an tashi ya maido ni. A gida yara sun girma sun karɓe shara da wanki da daka, aike kuma ga jikoki. Jiki ya yi nauyi, gwiwa ta fara ƙara in na taso daga sujada, barci ya koma rabi da rabi. Da na je awo, majon asibitin unguwarmu, wato babban malamin jinya, ya ɗaura mini abin awon hawan jini har sau biyu, sannan ya ce, “Malama, tansiyonki ya fara hawa. Ki rage gishiri, ki riƙa taka ƙasa kullum.” Na gwada ni kaɗai. Yawan tsayar da ni da yawan bayanin da nake yi a hanya suka sa na haƙura.

A wurin adashenmu na ƙarshen wata maganar ta fito. Wata ta ce an ce ta riƙa tafiya saboda suga, wata ta ce ita ma haka, saboda ƙiba da ciwon baya. Kafin a ankara sai ga shi kusan duk wadda ke kan tabarmar an ba ta wannan shawara, kuma babu mai bi. Babbarmu, wadda duk muke ce wa Yaya, tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya, ba ta son dogon zance. Ta ce, “Ku bar mitar nan haka. Gobe in an sallame asuba zan buga ƙofar kowacce. Wadda ba ta fito ba ta faɗa mini dalili ido da ido.”

Tun makon farko na lura ba mai tsayar da mu. Mata shida ko bakwai da ke tafe da sauri, kowacce riƙe da gorar ruwa, kowa ya san abin da ya fito da su. Ƴan kabu-kabun da a da suke bina da tayi yanzu hannu suke ɗaga mana: “Sannunku da ƙoƙari, iyayenmu!” Kunyar da ta fi ƙarfina ni kaɗai, da muka raba ta a tsakaninmu sai ta zama ba komai. Ga kuma bugun ƙofar nan. Da safiyar hunturu, iska na kaɗa langa-langa, bargo ya yi daɗi, in ni kaɗai ce sai in ce gobe. Amma Yaya, mai shekara sama da sittin, tana tsaye a waje cikin sanyi saboda ni, da wane ido zan dube ta in na bar ta a nan? Shawarar likita kowa ya ji ta, har a rediyo ana yi. Abin da na gani yana fitar da mutum daga ɗaki shi ne nauyin wadda ke jiransa a ƙofa.

Muna da hanyoyi biyu zuwa uku, amma ta Birni na fi so. Mu taso daga Sabon Gari gari bai gama wayewa ba, maza na dawowa daga masallaci, mai shayi na fifita gawayi, mai ƙosai ta ɗora kasko. Mu faɗa lungunan Birni inda mota ba ta cika bi ba, ga gidajen ƙasa masu zane a goshin zaure da zankwaye a sama, mu ratsa ta gaban fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, mu zago ta gindin manyan duwatsun nan da suka hau kan juna. A garin nan aka haife ni, amma akwai lungunan da sai yanzu na san inda suke ɓullewa. Yaya ce ke nuna mana ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina a ƙarni na 19. Kakanta falke ne, a Zongo gidansu yake, inda ayarin raƙuma daga Agadas ke sauka, kuma takan ba mu labarin yadda yake kora jakuna har Kano, tafiyar kusan kilomita 240, a ƙasa. In ta faɗi haka nakan tuna da jikana da ke neman kuɗin babur don zuwa shagon da ake hangowa daga ƙofar gida, sai abin ya dame ni ƙwarai.

A Satumban 2024, da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, mun bi ta wurin bayan an ɗan natsa. Kowa ya ga hotunan a waya. Amma tsayawa a gaban tarin jar ƙasar, kana jin ƙamshin jiƙaƙƙen gini, ga itatuwan rufi sun turo kai waje, ga tsofaffin unguwa sun yi jugum a gefe, wannan daban ne. Mun yi salati muka yi addu'a, muka ƙarasa tafiyar ran nan ba hira.

Ƙa'idar da Yaya ta kafa mana ta yi daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya: baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Minti 30 sau biyar a mako ya kai mutum ga 150. Yadda take auna matsakaicin shi ne, ki yi saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Tafiyar rangwaɗa ta zuwa gidan biki tana da nata amfanin, ta fi zama, amma ba ita ake nufi ba. In ta ga hira ta yi daɗi taku ya ragu sai ta tafa hannu daga gaba: “A ɗaga ƙafa, ƴan uwa!” A hanya take yi mana bayani, guntu-guntu. Zuciya tsoka ce, in ana ba ta aiki a kai a kai tana ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini su saki, awon ya ɗan sauka. Tsokar cinya da ta ƙwauri in suna aiki suna jan suga daga cikin jini su ƙona, shi ya sa ake son mai ciwon suga ya ɗan taka bayan cin abinci maimakon ya kishingiɗa. Gwiwa kuma, wadda muke tsoron tafiya za ta ƙarasa, zama ne ke ƙara sandarar da ita, in naman cinya ya yi ƙarfi yana rage mata kaya. Hukumar ta ce a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba sa samun motsin da ya kamata, kuma mata sun fi maza yawa a ciki. Ni dai abin da na fara gani a jikina barci ne, sai sauƙin tashi daga sallah.

Kada kuma a ɗauka duk matan Damagaram ne ke fama da zama. Kowa ya san wahalar ruwa a garin nan. A hanya muna gamuwa da ƴan mata ɗauke da jarkoki tun duku-duku suna neman famfon da ya kawo, da ƴan ga-ruwa na tura kura a cikin rairayi, da masu itace da masu nono da suka taso daga ƙauye tun cikin dare. Waɗannan babu mai ce musu su ƙara tafiya, hutu suke bukata da ruwa a kusa da gida. Wata safiya wata mai tallar nono, ƙwarya uku a kanta, ta jera da mu ta ce ina za mu haka da sauri. Muka ce babu, zagayawa muke mu koma gida. Ta yi shiru, can ta ce, “Allah ya ba mu irin hutunku.” Maganar nan ta zauna mini a rai. Ciwonmu na waɗanda Allah ya ɗan sauƙaƙa wa ne, ya kamata mu san haka, kada mu riƙa yi wa kowa wa'azi iri ɗaya. Tun daga ranar, in hanyarmu ta zo ɗaya da yarinya mai jarka biyu, sai ɗayarmu ta karɓi guda ta kai mata kwanar gidansu.

Wadda tafiyar nan ta fi yi wa rana a cikinmu, a ganina, ita ce Inna, maƙwabciyata ta bayan gida. Maigidanta ya rasu, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta fita takaba amma ba ta fita ɗaki ba. Ƴan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ƴaƴanta maza suna Yamai da Agadas wurin neman abinci, sai jika ɗaya da ke taya ta kwana. Ta rame, ta daina cin tuwon dare, in an gaishe ta kai kawai take ɗagawa. Muka je mu uku. Na ce, “Inna, ku taso mu taka, ko zuwa bakin masallaci ne.” Ta ce, “Ɗiyata, ƙafafun nan sun mutu, ku yi tafiyarku.” Yaya ba ta ce uffan ba. Ta durƙusa ta jawo takalmin Inna daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ƙurar da bakin mayafinta, ta ajiye shi a gabanta, ta zauna tana jira. An daɗe a haka kafin Inna ta zura ƙafa. Ran nan iyakarmu dogon yaron da ke ƙarshen layi, tana dafe da kafaɗata, ta yi taku kaɗan ta tsaya tana haki. Sauran suka wuce, ni da Yaya muka maido ta. Haka muka riƙa yi, kullum a ƙara gida ɗaya ko biyu.

Ranar da ta fara magana a hanya, mun zo wucewa ta wani tsohon gida a Birni ne sai ta ja ta tsaya, ta ce a nan aka sa ta a lalle. Daga nan ta shiga ba mu labarin marigayi, yadda yake ɓoye mata dabino a aljihun babbar riga don kada yara su gani, tana dariya hawaye na zuba. A ɗaki, ana fuskantar juna, ba ta taɓa iya ambatonsa ba. A hanya kowa gabansa yake kallo, kafaɗa na gogar kafaɗa, sai magana mai nauyi ta sami hanyar fita. Na ga haka a wurin wasu ma: mai fama da kishiya, mai ɗan da ya faɗa shaye-shaye, mai bashin da ya hana ta barci. An ce zumunta a ƙafa take, kuma waya ta so ta raba mu da wannan, gaisuwar rasuwa ma yanzu saƙon murya ake turawa. Dokarmu a nan ɗaya ce kuma Yaya ba ta wasa da ita: abin da aka faɗa a hanya, a hanya ake barinsa.

Maganar izini ta taso, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Maigidana sharaɗi ɗaya ya kafa, kada mu fita sai gari ya fara haske. Mijin wata kuwa ya kafe, ya ce matarsa ba za ta riƙa yawo a titi ana kallonta ba. Ba mu yi ja-in-ja da shi ba. Yaya ta aika wa limamin unguwa, shi kuma ya same shi bayan sallah ya tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, kuma jiki amana ne. Matar ta nuna masa takardar asibiti. Ya amince bisa sharaɗin ƙanwarsa ta riƙa rako ta, ga shi yanzu ƙanwar ta fi kowa naci. Da hijabinmu muke fita, sai dai wanda bai share ƙasa ba don kada ya harɗe mutum, da wando a ƙarƙashin doguwar riga, saboda zane yana ɗaure taku.

Silifas ba takalmin wannan aiki ba ne, musamman a rairayinmu mai ƙaya da fasassun kwalabe. Kambas na gwanjo a Kasuwar Dole ya wadatar, a ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafa, a sa da safa. Masu suga a cikinmu kullum sai sun duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu in an dawo, domin ciwon yana kashe jin zafi, ƙaramin rauni ya ruɓe mutum bai sani ba. Wadda ke allurar insulin kuma ba ta fita sai da dabino ko alewa a jaka, ko da sugan zai faɗi a hanya. A kan kwalta muna bin gefen da za mu fuskanci abin hawa mai zuwa, don akwai baburan da ba su da fitila. Mace ɗaya takan riƙe sanda saboda karnuka.

Kowane lokaci na shekara da yadda muke yi da shi. A bazara, Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, dole a dawo kafin rana ta ɗaga, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. A hunturu ƙura ce matsala, sai mu rufe hanci, ranar da hazo ya yi kauri masu asma su zauna. Da damina a bar lungunan da ruwa ke kwanciya. Da azumi muna mayar da tafiyar bayan asham, mu rage ta.

Zubi ɗaya na adashe muka ware muka sayi na'urar awon jini mai batir, tana wurin Yaya. Sau ɗaya a wata muke awo a zaurenta kafin a fita, kowacce ta zauna ta huta minti biyar tukuna, a rubuta a littafi. Iyakar da ake kallo ita ce 14 da 9, wato 140/90. Akwai wata da muke ce wa Uwar ƴan biyu, siririya, ta fi kowa sauri, ita rakiyar yayarta ma ta kawo ta cikinmu. Da aka ɗaura mata sai na'ura ta nuna 18 da 11. Yaya ta bari ta ƙara hutawa ta sake a ɗaya hannun, haka dai. Ta ce, “Ƙanwata, yau ba kasuwa, asibiti za mu.” Ta ce, “Haba Yaya, ni fa ko ciwon kai ba na yi.” Yaya ta ce, “Abin da ya sa na ji tsoro ke nan. Ɗauko mayafinki.” Kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Yanzu tana kan magani, tana kuma tafiya. Ina nanata wannan domin na ji masu cewa tunda sun fara motsa jiki sun ajiye ƙwaya. Wanda ya rubuta maganin shi kaɗai ke da hurumin rage shi. Haka nan wadda ta ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara a hanya, tsayawa za ta yi a kai ta asibiti, ba a cije a ce jarumta.

Abinci ma ya shigo zancen da kansa. Hukumar Lafiya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yaji. A nan muka fi shan wuya, don maigida da yara sun saba da ɗanɗano. Ni da kaɗan-kaɗan na riƙa ragewa ina ƙara daddawa da tafarnuwa da citta, har bakin gidan ya saba.

Abin da ya gagare mu har yanzu shi ne ƙananan mata masu goyo. Lokacin da muke fita shi ne lokacin da suke dama koko, suna wa yara wanka, suna neman takalmin makaranta, kuma su ne suka fi kowa zama a gida ɗaya daga safe har dare. Titunan ma ba su taimaka ba, babu gefen masu tafiya a mafi yawansu, fitilu kaɗan ne, mai goyo ba za ta yi kasada a nan ba. Ina roƙon masu iko da garin su tuna da mai ƙafa duk lokacin da za a shimfiɗa sabuwar kwalta. Kafin nan, mun roƙi daraktan wata makaranta a unguwarmu ya riƙa buɗe mana fili ranakun Asabar da Lahadi bayan la'asar, tunda akwai katanga da inuwa, ya kuma amince. Yaya ta raba mana gidajen da kowacce za ta buga wa ƙofa, ni layinmu da na bayansa aka ba ni. Inna ta ce ita za ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiya ta riƙe jarirai, uwayensu su zagaya.